Tambaya da Amsa: Yadda Ake Samun Sassaƙa Mai Tsabta a Ƙaramin Injin CNC

Wasiƙun da suka iso wannan fili game da ƙananan injunan CNC, wato injunan da kwamfuta ke tuƙa wuƙarsu a kan katako bisa zanen da aka ba ta, kusan duk kuka ɗaya suke yi: siffar da ake so tana fitowa, amma fuskar katakon ba ta yin kyau sai an sha fama da samfefa. Mun zaɓi shida daga cikinsu, mun taƙaita tambayoyin domin amsoshin su samu wuri.

Tambaya: Ina sassaƙa allunan suna da ƙaramin injina. Saboda tsoron kada wuƙa ta karye, nakan rage gudun tafiyar injin zuwa milimita 500 a minti ɗaya, in bar wuƙar tana juyi 18,000 a minti ɗaya. Duk da wannan taka-tsantsan, gefen yankan yana yin baƙi kamar an ƙona shi, kuma gashi-gashi yana tashi a cikin ramin. Wuƙata mai kaurin milimita 6 ce, haƙoranta biyu. Ina matsalar take?

Amsa: Malam, taka-tsantsan ɗin naka shi ne ya jawo ƙunar, kuma yawancin masu fara wannan aiki nan suke faɗawa, domin hankali yana ba mutum cewa tafiya a hankali ita ce za ta fi ba da aiki mai kyau. Wuƙar inji an yi ta ne domin kowane haƙori ya ɗebi ɗan yanki na katako ya jefar da shi waje, kuma wannan yankin da ake jefarwa shi ne yake tafiya da mafi yawan zafin da yankan ya haifar. Idan wuƙar tana juyi da sauri amma tana matsawa gaba kaɗan-kaɗan, haƙorin ba ya samun abin da zai ciza, sai ya dinga gugar wuri ɗaya, zafi ya taru, katako ya ƙone, kaifin wuƙar ma ya mutu tun kwanansa bai kai ba.

Akwai ɗan lissafi da ya kamata kowane mai inji ya riƙe. A ɗauki gudun tafiya, a raba shi da adadin juyi da aka ninka da yawan haƙora, abin da ya fito shi ne kaurin yankin da kowane haƙori yake ɗiba. A naka, juyi 18,000 sau haƙora 2 ya ba da 36,000, idan kuma aka raba 500 da wannan adadi za a samu kusan milimita 0.014. Wannan ya yi ƙanƙanta ƙwarai ga wuƙa mai milimita 6. A ƙaramin inji, ka nemi wajen milimita 0.05 a matsayin mafari, wanda yake nufin tafiyar milimita 1,800 a minti ɗaya a kan wannan juyin. Idan injinka ba zai iya wannan gudun ba tare da rawa ba, sai ka sauke juyin zuwa 12,000 ka yi tafiyar 1,200, ko kuma ka sa wuƙa mai haƙori ɗaya, wadda rabin gudun zai ishe ta. Amma ka duba iyakar motar da ke juya wuƙarka tukuna, domin mota ƙirar Makita RT0701C tana sauka har juyi 10,000, ita kuwa DeWalt DWP611 ba ta yin ƙasa da 16,000.

Tsoron karyewar wuƙa tsoro ne mai dalili, sai dai maganinsa yana wajen zurfin yanka. Ka rage yawan abin da wuƙar ke nutsewa a kowane zagaye zuwa milimita 1 ko 2 a katako mai tauri, ka bar gudun tafiyar yadda lissafi ya nuna. Sannan ka tsaya ka dubi abin da yake fitowa daga ramin. Idan ƙananan ɓarɓashi ne masu jiki waɗanda za ka iya tsinta da yatsu, wuƙar tana yanka. Idan gari ne mai laushi da ke tashi sama yana ɗan warin ƙuna, guga take yi. Ka kuma lura da kusurwoyi, domin inji yana rage gudu kafin ya karya kwana alhali juyin wuƙar bai ragu ba, shi ya sa baƙin yakan fi yawa a can. Haka ma inda wuƙar ta fara nutsewa a tsaye: ka umarci manhajarka ta shigar da ita a karkace tana tafiya tana sauka.

Tun da ka daɗe kana aiki a haka, ina kyautata zaton wuƙar da ke kan injinka yanzu ta dakushe, ko kuma ƙaron katako ya daskare a kan haƙoranta. Ka wanke ta da sifirit da ɗan buroshi, ka duba bakinta a cikin haske. Baki mai kaifi ba ya ƙyalli, idan ka ga wani siririn layi yana sheƙi a kansa, to lokacin sauya ta ya yi. Dakusasshiyar wuƙa ba ta yanke zaren katako, tankwara shi take yi ta wuce, kamar yadda dakusasshiyar reza ke jan gashi maimakon ta aske shi, kuma wannan ne asalin gashi-gashin da kake gani.

Tambaya: Duk lokacin da na yanka filawud, saman allon yana tsattsagewa a bakin layin, fatar ta ɗaga ta ɓantare. An ce mini in sayi wata wuƙa dabam, amma ban san wacce ba.

Amsa: Malama, wanda ya ba ki shawarar ya yi gaskiya. Wuƙaƙen yanka masu murɗaɗɗen jiki iri uku ne, kuma bambancinsu yana ga inda murɗin yake tura katako. Ta farko tana jan ɓarɓashi sama, tana share rami sosai, amma tana ɗaga zaren saman allo, kuma kusan tabbas ita ce a kan injinki, domin ita aka fi haɗowa da sabon inji. Ta biyu tana danna zaren ƙasa, saboda haka bakin saman yana fita sumul, sai dai tana cusa ɓarɓashi cikin ramin, don haka ba a yin zurfi da ita a zagaye ɗaya, kuma ba a huda rami a tsaye da ita, domin garin da ya matse a ƙarƙashinta yana iya yin zafi har ya kama wuta. Ta uku ta haɗa biyun: ɗan ƙarshenta yana ja sama, sauran jikinta yana dannawa ƙasa, ta yadda fuskokin allon biyu suke fita lafiya.

Ga alluna da ramukan da ba su ratsa katako ba, mai dannawa ƙasa ita ce zaɓina. Ta ukun tana da sharaɗi da mutane ke mantawa: dole zagayen farko ya yi zurfin da ya wuce ɗan sashen da ke ja sama, in ba haka ba za ta tsaga saman allon daidai da ta farko, ƙaramin inji kuwa ba kullum yake da ƙarfin wannan zurfin ba. Akwai dabarar da ke aiki da kowace wuƙa, wato a yanka siffar a bar mata rarar milimita 0.3 a gefe, sannan a dawo a share wannan rarar a zagaye ɗaya na ƙarshe mai cikakken zurfi. Wuƙar ba ta ɗauke da nauyi a wannan zagayen, ba ta lanƙwasa, kuma layukan da zagayen baya suka bari a bango suna gogewa. Ki gwada zagayen ƙarshen ta fuska biyu a kan guntun da ba ki buƙata, sau ɗaya ta hannun agogo, sau ɗaya akasin haka, domin wanda ya fi tsabta ya danganta da katakon da kuma ƙarfin jikin injinki.

Tambaya: Na sassaƙa hoton fure mai tudu da kwari da wuƙa mai zagayayyen baki. Siffar ta fito, amma dukan fuskar cike take da ƙananan layuka jere da juna, idan kuma na sa samfefa sai jijiyoyin ganyen su shafe. Ta yaya ake samun irin santsin da nake gani a aikin wasu?

Amsa: Wannan ita ce tambayar da ta fi buƙatar haƙuri, domin amsarta tana cin lokacin inji. Wuƙa mai zagayayyen baki tana barin ɗan kwari a duk inda ta bi, kuma tsakanin kwari da kwari akwai ɗan tudu da bai yanku ba. Tsayin wannan tudun ya danganta da tazarar da wuƙar ke matsawa gefe kafin ta ja layi na gaba. Ɗauki wuƙa mai kaurin milimita 3. Idan tazarar ta kai kashi 40 cikin 100 na kaurinta, wato milimita 1.2, tudun da zai rage ya kai kusan milimita 0.125, abin da ido ke gani daga nesa, yatsa kuma ya ji shi. Idan aka sauke tazarar zuwa kashi 10 cikin 100, wato milimita 0.3, tudun ba ya kai milimita 0.01, wanda shafar samfefa mai laushi sau biyu ko uku take kawar da shi. Ƙa'idar ita ce, duk lokacin da aka raba tazarar biyu, tsayin tudun yana komawa kusan kashi ɗaya cikin huɗu, lokacin aikin kuma yana ninkawa biyu. Shi ya sa masu wannan sana'a suka fi tsayawa tsakanin kashi 8 zuwa 10 cikin 100. Ƙasa da haka, a ganina, ɓata sa'o'i ne a kan bambancin da katako ba zai nuna ba.

Kafin wannan zagaye na gamawa, wajibi ne a yi zagayen share fage da babbar wuƙa mai shimfiɗaɗɗen baki, wadda za ta kwashe mafi yawan katakon ta bar rarar milimita 0.3 zuwa 0.5 a kan siffar. Idan aka bar wa siririyar wuƙa aikin kwashe katako mai yawa, za ta lanƙwasa a wurare masu kauri ta miƙe a wurare marasa kauri, wannan lanƙwasar kuwa tana zanuwa a fuskar aikin. Lanƙwasar wuƙa tana ƙaruwa da sauri fiye da yadda ake zato: idan tsawon da ya fito daga kolet, wato bututun da ke damƙe ta, ya ninka biyu, lanƙwasar tana ninkawa takwas. Saboda haka a tura wuƙar ciki gwargwadon abin da aikin zai bari, amma kada kolet ya kama sashen haƙoran. Don ƙananan zane irin jijiyar ganye, wuƙa mai zagayayyen baki wadda jikinta ke ƙara kauri zuwa sama ta fi siririya miƙaƙƙiya nesa ba kusa ba, domin bakinta ƙarami ne amma jikinta yana da ƙarfi.

Akwai kuma batun fuskar da layukan za su bi. Ni na fi son su bi tsawon zaren katako, domin ɗan abin da ya rage yana ɓuya a cikin zanen katakon kansa, gashi kuma ba ya tashi da yawa. Wani abin lura shi ne, tsakiyar bakin wannan wuƙa kusan ba ta yanka komai, tun da a daidai tsakiyar juyi babu gudu, don haka shimfiɗaɗɗun wuraren da ke kewaye da furen za su fi gangarensa kaushi. Idan manhajarka ta ba da dama, ka ware waɗannan wuraren ka share su da wuƙa mai shimfiɗaɗɗen baki.

Idan kuwa a tsakiyar aikin ka ga layi ɗaya tak mai zurfi ya ratsa hoton, kamar an ɗaga rabin fuskar an sauke rabi, wannan ba laifin tazara ba ne. Ko dai wuƙar ta zame a cikin kolet, ko katakon ya motsa, ko an tsayar da injin an ci gaba bayan sa'o'i alhali allon ya ɗan bankare. Zamewa takan faru idan aka sa wuƙa mai milimita 6 a kolet na kwatan inci, wanda faɗinsa milimita 6.35 ne. A ido kamar ɗaya suke, amma riƙon ba ya kamawa. Bankarewa kuma takan biyo bayan share fage, domin katakon da aka kwashe wa gefe ɗaya yakan saki jiki, musamman in bai gama bushewa ba. Ka ɗaure allon sosai ta kowane gefe, kuma da zarar ka fara zagayen gamawa, ka bar shi ya kai ƙarshe ba tare da tsayawa ba.

Tambaya: Idan na share fuskar allo da faffaɗar wuƙa mai milimita 25, sai in ga matakala-matakala da farce ke kamawa. Na sauya wuƙa, abin bai daina ba.

Amsa: Wuƙar ba ta da laifi, motar da ke juya ta ce ba ta tsaya cak a kan teburin ba. Idan ta ɗan karkata, gefe ɗaya na wuƙar yana nutsewa fiye da ɗayan, kuma faɗin wuƙar yana ƙara bayyana karkatar. Ka cire wutar injin, ka ɗaura lanƙwasasshiyar waya mai ƙarfi a kolet, ka sauke ta har bakinta ya kusa taɓa wani shimfiɗaɗɗen gilashi da ka daidaita a kan tebur, sannan ka juya ta da hannu. Inda ta taɓa da inda ta bar tazara za su nuna maka ɓangaren karkatar. Ka sassauta notocin mazaunin motar, ka gyara da siririn ƙarfe ko takarda a bayansa, ka ɗaure, sannan ka sake share allon da ke shimfiɗe a kan teburin domin ya daidaita da tafiyar injin.

Tambaya: Rubutun da nake yi da wuƙa mai tsinin V yana fita da kauri a wani gefen allon, siriri a wani gefen. Bayan haka, in na zuba fenti a cikin haruffan sai ya bi katakon ya ɓata kewayensu.

Amsa: Matsala biyu ce, kowacce da maganinta. Faɗin layin da wannan wuƙa ke yi ya dogara kacokan a kan zurfin da ta nutse. Mai kusurwar digiri 90 tana buɗe faɗin da ya ninka zurfinta biyu, saboda haka idan wani gefen allonka ya fi ɗayan tudu da rabin milimita kawai, haruffan can za su fi na nan faɗi da milimita guda cur, a ƙaramin rubutu kuwa wannan babban bambanci ne. Mai digiri 60 ta fi yafiya, domin faɗinta bai wuce zurfinta da yawa ba, kuma ita ta fi dacewa da ƙananan haruffa. Amma gyara na asali shi ne ka share fuskar allon a kan injin kafin ka fara rubutu, ba tare da ka kwance shi ba, sannan ka auna sifilin tsayi, wato inda injin ke fara ƙidayar zurfi, daga wannan sabuwar fuskar. Idan ka sake gudanar da zanen karo na biyu a kan zurfin farko, yawancin gashin da ya maƙale a cikin haruffan zai tafi.

Shi kuma fenti yana bin ƙananan kafofin zaren katako ne, waɗanda wuƙar ta buɗe bakinsu a bangon kowane harafi. Ka shafa wa allon shelak, wato wani ƙaro da ake narkarwa a sifirit, ko banis ya bushe tun kafin sassaƙa, ka manna masa ledar rufi ta masu rubutun allo, ka yanka ta cikinta. Bayan yanka, kada ka yi gaggawar kawo fenti. Ka fara shafa siririn shelak a cikin haruffan domin ya toshe kafofin, ya bushe, sannan fentin ya biyo baya shafi biyu marasa kauri, ka ɓare ledar a hankali.

Tambaya: Wane katako ne ya fi ba da aiki mai tsabta, kuma yaya zan goge sassaƙa ba tare da na kashe zanen ba?

Amsa: Mutane sukan fara da katako mai laushi saboda suna ganin zai fi sauƙi ga ƙaramin inji, alhali shi ne ya fi wuyar tsabtacewa. Katakon fayin da danginsa suna da dogon zare mai taushi da ke kwanciya a gaban wuƙa, ga ƙaro da ke liƙe wa haƙora. Katako mai tauri da matsattsen zare, irin su maɗaci, da mapul, da ceri, da walnot, yana yankuwa tsaf yana riƙe ƙananan zane, ko da yake mapul da ceri suna saurin ƙonewa idan tafiya ta yi jinkiri. MDF, wato allon da ake yi da matsattsen garin katako, ba shi da zare da zai tsage, amma cikinsa yana yin kaushi yana shan fenti, kuma yana cin kaifin wuƙa saboda gam ɗin da aka haɗa shi da shi. Ko wane iri ne, ya kasance busasshe. Ƙaramin ma'aunin danshi yana da amfani a nan, kuma ni ba na ɗora allon da danshinsa ya haura kashi 12 cikin 100 a kan inji in aikin mai ƙananan zane ne.

Wajen gogewa, dabarar ita ce a sa gashin ya sandare kafin a taɓa shi. A shafa siririn shelak da aka tsinka da sifirit a kan dukan sassaƙar, a bar shi kamar sa'a guda. Zaren da ke kwanciya a ƙarƙashin samfefa yanzu ya yi tauri, taɓawa kaɗan zai karye. Daga nan a bi kwaruruwan da buroshi mai gashin nailan ko na tagulla mai laushi, ana bin tsawon zare, sannan a naɗe ɗan yankin samfefa mai lamba 220 a yatsa ko a kan siririn tsinke a shafi gangaren. Lamba 80 da 120, waɗanda suka fi kaushi, ba su da wuri a kan sassaƙa mai zane, domin cikin daƙiƙu kaɗan suke mayar da kaifin gefe ya zama dunƙule. Idan za a yi amfani da fenti ko banis irin wanda ake tsinkawa da ruwa, a fara shafa ɗanyen tsumma a bar allon ya bushe, a goge gashin da ya miƙe, domin kada ya miƙe a ƙarƙashin shafin farko.

Ƙurar da wannan aiki ke tayarwa ba abin wasa ba ce. Tun 1995 hukumar binciken cutar daji ta ƙasa da ƙasa, wadda ke ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya, ta sanya ƙurar katako cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa cutar daji ga ɗan Adam, musamman a hanci da kogunansa, ƙurar iroko kuma an san ta da tayar da asma da ƙaiƙayin fata. A haɗa injin zuƙar ƙura a kan motar, a sa takunkumi mai tace ƙananan ƙwayoyi lokacin yanka da lokacin guga, a sa tabarau da abin toshe kunne. Zuƙar ƙurar tana taimakon aikin kansa, domin ɓarɓashin da aka bari a rami wuƙar tana sake niƙa shi tana goga shi a bango. Kuma ko da zagayen gamawa zai ɗauki sa'o'i huɗu ko biyar, kada a fita a bar injin yana aiki shi kaɗai, domin wuƙar da ta maƙale a cikin busasshen gari tana iya tayar da wuta cikin ɗan lokaci.